Daga Ciyayya Zuwa Bencin Mai Abinci: Cin Abinci a Waje a Ƙasar Kura da Bunkure

Gabatarwa

Sau da yawa akan ji masu nazarin al'adu suna cewa fita cin abinci a waje tare da abokai baƙuwar ɗabi'a ce wadda Bahaushe ya aro daga Turawa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya idan manyan gidajen abinci na birnin Kano ake nufi, amma ba ta isa ta bayyana abin da ke faruwa a ƙauye ba. Abin da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a yankin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam tsohuwar al'adar ciyayya ce ta bar ƙofar gida ta koma bakin hanya, kuma ruwan Tiga ne ya ɗauke ta ya kai ta can. A wajen wannan ƙaura ta riƙe wasu abubuwa, ta kuma zubar da wasu.

Kalmar ciyayya da abin da ke ƙarƙashinta

Kalmar ciyayya ta samo asali ne daga aikatau "ci", aka liƙa masa ɗafa-ƙeyar nan ta "-ayya" wadda ke nuna yin abu tsakanin juna, kamar yadda ake samu a soyayya da ƙiyayya da jayayya da auratayya da cinikayya. Watau ke nan tun a ƙirar kalmar an nuna cewa ba ciyarwa ake nufi ba, inda wani ke bayarwa wani na karɓa. Kowa yana cin na kowa ne.

Yadda ake yin ta sananne ne. Bayan sallar magariba ko ta lisha magidanta maƙwabta, ko samari sa'o'in juna, sukan zauna a zaure ko a dakalin ƙofar gidan ɗaya daga cikinsu. Yara su fito da akushi ko kwano daga kowane gida, a jera a tsakiya, a buɗe ɗaya a cinye, sa'an nan a jawo na biye. Ba a tambayar wanne ne na wa, ko da yake kowa ya san kwanon gidan kowa. A nan ne hikimar abin take. Wanda aka wayi gari ba a ɗora tukunya a gidansa ba zai zauna ya ci ya ƙoshi ba tare da ya roƙi kowa ba, baƙo da matafiyi su sami rabonsu, wanda miyar gidansa ba ta ji daddawa ba kuwa asirinsa ya rufu, domin hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Ashe ciyayya ba hira da cika ciki kaɗai ba ce, wata hanya ce ta rufa wa juna asiri a watannin da rumbu ya yi ƙasa.

Tana kuma da dokokinta. Ɗa ba ya sa hannu a kwano ɗaya da mahaifinsa, suruki ba ya ci a gaban surukinsa, mata suna nasu cin a cikin gida. Ba a yawan magana sai an janye hannu. Wanda daɗin abinci ya kwashe shi har ya saki baki ya yi wata magana marar kan gado, sai a ce ya yi santi, a yi ta yi masa dariya har wani lokaci abin ya bi shi. Wannan kalma ta santi ta cancanci nazari na musamman, domin tana nuna matsayin Bahaushe game da jin daɗin abinci: an yarda a ji daɗin, ba a yarda a nuna ba. Haka nan kalmomin kwaɗayi da ƙwalama da tanɗe-tanɗe duk suka ne ga mai bin abinci don daɗinsa.

To, a cikin irin wannan tsari, magidanci ya zauna a bainar jama'a ya sayi tuwo ya ci abin kunya ne. Ma'anarsa ita ce ko ba shi da mata, ko ya kasa riƙe gidansa, ko akwai rigima a ciki. Tuwon saye na gwauro ne da fatake da 'yan cin rani. Ranar kasuwa ce kaɗai aka ɗan sassauta, inda mutum zai tsaya a tukubar mai tsire ko ya sa a dama masa fura, ba wanda zai ce masa kanzil.

Kada a ɗauka cewa wannan yana nufin ba a sayar da abinci a ƙauye. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɓatagarawa ta ƙasar Katsina ta fitar da littafinta a 1972, ta nuna irin ɗimbin cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gidajensu ta hannun yara masu talla, kuma dafaffen abinci na cikin manyan hajojinsu. Abincin saye ya daɗe. Abin da babu shi ne wurin zama na musamman inda mutum mai mutunci zai je da abokansa ya ci a biya.

Abin da ruwa ya sauya

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, daidai lokacin da ƙasar Hausa ke farfaɗowa daga farin farkon shekarun 1970. Daga madatsar ruwan ke gangarowa da kansa ta babbar magudana, ba tare da injin turawa ba, ya rarrabu a ƙananan magudanai har cikin gonaki. Kashin farko na shirin an tsara shi ne a kan kimanin hekta 22,000, an kuma fara gwajinsa a Kadawa. Daga baya Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ta karɓi ragamarsa.

An yi rubuce-rubuce da dama a kan yadda wannan shiri ya shafi mallakar gona da rabon arziki. Abin da ya dame mu a nan shi ne yadda ya shafi lokaci. Kafin zuwan ruwan, rani lokacin hutu ne da biki da gyaran gida da sana'ar hannu, ga Kura kuwa da tsohon sunanta a rini, har ana kiran wani baƙin rawani mai sheƙi ɗan Kura. Wanda ba shi da sana'a sai ya tafi cin rani. Da ruwa ya zo sai al'amarin ya juye: ƙasar da ake barinta a tafi cin rani ta zama ita ake zuwa ci wa rani. 'Yan ƙwadago suka riƙa zuwa dashen tumatir da albasa, da yankan alkama, da dashen shinkafa da casarta. Dillalai da direbobi da masu saƙa kwando da 'yan dako suka cika wurare irin su Kwanar Gafan a kan hanyar Kano zuwa Zariya, inda ake lodin tumatir zuwa kudancin ƙasar nan.

Duk waɗannan mutane ba su da akushin da za a fito musu da shi. Shi kansa ɗan gari, ranar da ruwa ya zo layinsa ba ya barin gona ya tafi gida cin abinci. Har ila yau gayya, wadda mai gona ke ciyar da masu taya shi aiki da tuwo da fura, ta ja da baya, ƙwadago ya maye gurbinta, shi kuwa ɗan ƙwadago kuɗi yake karɓa ya ciyar da kansa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, dole a ci a inda aiki yake. Da masu cin abincin saye suka yi yawa, har da masu gonaki da alhazan dillalai a cikinsu, sai kunyar ta soma kwaranyewa da kanta, ba tare da wani ya yi wa'azi a kai ba.

Abin da ke cikin kwanon ma ya sauya. A da alkama 'yar kaɗan ce, ana noma ta a bakin rafi da jigo, shi ya sa alkaki da funkasau da gurasa suka kasance cimar sarakuna da attajirai da ranar biki. Shinkafa ma ta salla ce. Noman rani ya sauko da su ƙasa, manufofin gwamnati kuma suka taimaka: hana shigo da shinkafa a 1985, da hana shigo da alkama daga 1987 zuwa 1992, da rufe iyakokin ƙasa a 2019, duk sun ƙara wa amfanin gonar wannan yanki daraja, Kura kuma ta zama cibiyar gumi da casar shinkafa. Yau abincin bakin gona da bakin titi shi ne garau-garau da mai da yaji, da dafa-duka, da shinkafa da jar miya, da taliya 'yar murji, da ɗanwake, da gurasa bandashe, da soyayyen kifi. Jar miya ta tumatir da tattasai da attaruhu, wadda a da ba ta cikin lissafin ƙauye, ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da kuka da kuɓewa. An ga muhimmancinta a 2016, sa'ad da wata tsutsa ta cinye gonakin tumatir na wannan yanki, tsadarsa ta kai har tukwanen Ikko.

Yadda abokai ke ci a yau

Domin a gane bambancin, yana da kyau a waiwayi asalin gidan abinci irin na Turai. A birnin Faris na ƙasar Faransa ya ɓulla a shekarun 1760, kuma abin da ya bambanta shi da masaukin matafiya shi ne kowa da teburinsa, kowa da farantinsa, kowa ya zaɓi abin da ransa ke so daga jerin da aka rubuta da farashinsa. Gini ne a kan zaɓin mutum ɗaya. An gwada irin wannan a kusa da yankin da muke magana, a otel-otel na Bagauda da Tiga da gwamnatin Kano ta gina don 'yan yawon buɗe ido da manyan ma'aikata, amma manomin Bunkure bai ɗauke su wurin zuwansa ba. Na Bagauda ma daga baya makarantar horar da lauyoyi aka mayar da shi.

Abin da manomi ya ƙirƙiro wa kansa daban ne. Idan abokai huɗu ko biyar suka sayar da kaya, ko suka tashi daga aiki, sukan nufi mai tsire ko mai balangu, a yi karo-karo, a yanka a takarda ɗaya, a barbaɗa yaji, a zagaye ta a tsugune. A wurin mai shinkafa sau da yawa faranti babba ɗaya ake cewa a zuba. Da dare kuma teburin mai shayi ne majalisa, da burodi da ƙwai, da Indomie, ana ci ana lissafin farashin kwando da na taki. Duk wanda ya zo wucewa za a ce masa "Bismilla," shi kuma ya ce "Alhamdu lillahi" ko "A ci lafiya" in ba zai zauna ba. Idan akwai babba a wurin, ko wanda kasuwa ta yi wa kyau ran nan, shi zai riga kowa sa hannu a aljihu, domin tuwon girma miyarsa nama. Raba lissafi kowa ya biya daidai abin da ya ci, wanda ba abin kunya ba ne a wasu ƙasashe, a nan rowa ce tsagwaronta. Mai karatu zai ga cewa wannan duk tsarin ciyayya ne: kwano ɗaya, sa'o'in juna, tayi ga mai wucewa. Har dokar suruki tana nan, domin saurayi zai bar benci in ya hango surukinsa tafe. Santi ma yana nan, sai dai dariyarsa ta yi sauƙi, har mutum kan ce da bakinsa naman wane ya fi na wane, maganar da kakansa ba zai furta ba.

Amma a ganina akwai abu guda da bai biyo ta ba, kuma shi ne mafi nauyi. A ƙofar gida, rashin kwanon mutum yakan ɓace a cikin yawan kwanuka. A gaban mai abinci kuwa kuɗi ake ƙirgawa a fili. Wanda ba shi da shi za a biya masa yau, a biya masa gobe, jibi shi da kansa zai canza hanya. Noman rani kuma, kamar yadda masu bincike suka lura tun farkon shirin, ya fi yi wa mai halin sayen taki da biyan 'yan ƙwadago rana, har ƙaramin manomi kan ba da hayar gonarsa ya koma aiki a ta wani. Watau mutumin da ciyayya ta fi amfana shi ne wanda sabon zaman ya fi saurin tsamewa.

Sai kuma batun masu dafawa. Mafi yawan abincin da ake ci a bakin magudana daga hannun matan aure ya fito, kuma binciken Cecile Jackson a kan wannan shiri, wanda aka buga a 1985, ya mai da hankali ne a kan yadda ya shafi sana'o'in mata. Cinikin ya ba su jari da abin yin adashi da kayan ɗakin 'ya'yansu. Sai dai ƙafar da ke kai abincin gona ta yarinya ce mai talla, kuma lokacin da 'yan ƙwadago ke jin yunwa shi ne lokacin da ake cikin aji. Malaman makarantun yankin sun fi kowa sanin wannan.

Harshe ma bai gama yanke hukunci ba. Kalmar otel, wadda aka aro, ta ɗauki ma'ana biyu a bakin Bahaushe, wurin cin abinci da kuma wurin shashanci, ta biyun kuwa ta ɓata ta farkon, shi ya sa masu sana'ar suka fi son rubuta "gidan abinci" a allunansu. A ƙauye ko wannan ba a cika faɗa ba. Da mutum ake kiran wurin, ba da gini ba: wajen mai shayi, wajen mai tsire, wajen mai shinkafa. Shi kansa zaman abokai a kan bencin bai sami suna ba tukuna. Ba a ce masa ciyayya, domin dattawa sun keɓe wannan kalma ga abincin da ya fito daga gida, kuma da wannan ma'ana ake amfani da ita a unguwannin da ake fito da kwanuka bayan magariba, musamman a watan azumi.