Shayin rage ƙiba: Me ake gani a ɗakin gwaji, me ke faruwa a jikin mutum?

Duk mai yawan leƙa Facebook ko TikTok ya taɓa cin karo da tallan shayin "narkar da teɓa". Masu tallan kan kafa hujja da folifenol, rukunin sinadarai da tsirrai ke samarwa. Akwai su a koren shayi, da zoɓo, da albasa, da kurkur, da ɓawon jan inabi. Maganar tana da tushe, sai dai an ƙara mata gishiri.

Kitsen jiki yana taruwa ne a cikin wasu ƙwayoyin halitta, kuma ƙiba na zuwa idan suka kumbura ko suka ƙaru. A ɗakin gwaji, masana kan rene ƙwayoyin kitsen ɓera, waɗanda ake kira 3T3-L1, su zuba musu sinadarin EGCG na koren shayi ko resberatirol na inabi. An sha ganin ƙananan ƙwayoyin sun kasa balaga su zama ma'ajiyar kitse. An kuma ga sinadaran suna tayar da AMPK, wani furotin da ke aiki kamar ma'aunin cajin batir: idan ya ji makamashi ya yi ƙasa, sai ya sa ƙwaya ta rage tara kitse ta shiga ƙona shi.

A 2006, ayarin David Sinclair na Jami'ar Harvard ya wallafa a mujallar Nature cewa ɓerayen da aka ciyar da abinci mai maiƙo tare da resberatirol sun fi takwarorinsu lafiya da tsawon rai, ko da yake ba su rame ba. Labarin ya zaburar da masu kuɗi. A 2008 kamfanin GlaxoSmithKline ya sayi Sirtris, wanda Sinclair ke cikin waɗanda suka kafa shi, a kan dala miliyan 720. A 2010 aka jingine maganin resberatirol ɗin.

Matsalar ita ce jikin mutum ba faranti ba ne. Hanji da hanta suna sauya yawancin folifenol kafin ya shiga jini sosai, don haka ɗan kaɗan ne ke isa ga kitsen. Nazarin Cochrane na 2012 ya gano cewa nauyin da koren shayi ke ragewa bai taka kara ya karya ba. Balle kuma shayin majalisa a Kano ko Damagaram, wanda sukarinsa ya kusa rinjayar ganyen.

Inda haɗarin yake shi ne ƙwayoyin da ake sayarwa a kwalabe. A 2018 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai, EFSA, ta ce shan miligiram 800 na EGCG ko fiye a rana ta wannan hanya na iya taɓa hanta, amma ba ta ga matsala da shan shayin da aka dafa yadda aka saba ba. Mai hoton "kafin" da "bayan" ba kasafai yake faɗin miligiram nawa ke cikin kwalbarsa ba.