FASHIN BAƘI: Daga askar wanzami zuwa allurar tatu, abin da matashi zai auna kafin ya zana jikinsa

Duk wanda ya taɓa zagayawa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya san cewa fuskokin dattawa kan faɗi asalinsu tun kafin su buɗe baki. Ga mai dogayen tsagogi irin na Barebari, ga mai bille, ga mai fashin goshi, ga kuma tsofaffin mata masu jarfa. A ƙasar Gumel, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, zane a jiki tsohon al'amari ne, musamman da yake masarautar Lautai ta samo tushenta daga Mangawa, kuma ta daɗe tana da alaƙa da daular Borno.

Tsagar gado tana ja da baya, domin iyayen yanzu kaɗan ne ke miƙa jariri ga wanzami ranar suna don a yi masa ita. Sai dai wani sabon zane yana shigowa ta wata ƙofar: tatu, wanda matasa ke gani a jikin mawaƙa da 'yan ƙwallo a waya, ko a wurin abokan da suka yi cirani a Legas, Fatakwal ko Libiya. Bambancin shi ne tsagar da iyaye suka zaɓa wa jariri ba da saninsa aka yi ba, tatu kuwa mutum ne ke zaɓar wa kansa, kuma shi zai ɗauki nauyinsa har tsufa.

Abin da tsagar dā take nufi

A zamanin yaƙe-yaƙe da kamen bayi, tsaga shaidar asali ce. Da ita ake gane ɗan gari da baƙo, da ita kuma dangi kan gane nasu in ya ɓace shekaru. Wanzami kan tsaga fata da aska, ya shafa baƙin tukunya ko gawayi don zanen ya fito. Akwai kuma tsagar magani da ake yi wa yaro mai yawan ciwo, da jarfar ado ta 'yan mata.

Waɗannan zane-zane sun jure ne saboda ma'anarsu ba ta rataya ga son zuciyar mutum ɗaya ba. Asalin mutum ba ya sauyawa, don haka zuben Bagobiri yana nan da ma'anarsa daga ranar suna har kabari. Wannan shi ne ma'aunin farko da ya dace a ɗora kowane zanen zamani a kai: shin abin da yake nunawa zai yi tsawon rai kamar fatar da ke ɗauke da shi?

Dalilin da ya sa ba ya gogewa

Fatar mutum hawa-hawa ce. Ta sama tana saɓulewa tana sabunta kanta cikin kusan wata guda, shi ya sa lalle ke kaɗewa bayan 'yan makonni. Allurar tatu kuwa tana ratsa ta, ta zuba tawada a hawa na biyu, zurfin milimita 1 zuwa 2. A can ƙwayoyin garkuwar jiki kan haɗiye tawadar, amma ba su iya narkar da ita, sai ta zauna daram.

Zama daram ɗin ma ba ya nufin zanen zai riƙe kyansa. Rana tana dusashe tawada, layuka suna bajewa da shekaru, ƙananan haruffa suna haɗewa su koma dunƙule. A yanki mai zafin rana kamar arewacin Jigawa, inda noma da kiwo ke tsayar da mutum a fili yini guda, wannan lalacewa ta fi sauri.

Gogewa kuma ba ƙaramin aiki ba ne. Ana amfani da hasken lesa a farfasa tawadar, kuma sai an yi zama da dama, da tazarar makonni a tsakani. Kuɗinsa ya ninka na zanen, kuma sai a manyan birane ake samun na'urar. A baƙar fata, hasken na iya barin wurin ya yi fari ko ya ƙara duhu. Masu ƙoƙarin ƙone zanen da sinadari ko ƙarfe mai zafi kan ƙare da tabon da ya fi zanen muni.

Doka, aiki da shingen 'yan sanda

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003, a sashe na 24, ta haramta yi wa yaro tatu ko tsaga a fata, ta kuma tanadi tarar da ba ta wuce naira 5,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce wata ɗaya ba, ko duka biyun. Yaro a wannan doka shi ne wanda bai kai shekara 18 ba. Baligi kuwa dokar ba ta yi magana a kansa ba, amma wasu ƙa'idoji suna jiransa a gaba.

Sanarwar ɗaukar sababbin sojoji a Najeriya takan gindaya sharaɗin cewa mai nema kada ya kasance da tatu a jikinsa, kuma ana tuɓe riga a duba yayin tantancewa. Sababbin ƙa'idojin aikin soja da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a ƙarshen 2024 sun hana waɗanda ke cikin kaki ma yin tatu. A jihar da aikin ɗamara ke cikin 'yan hanyoyin samun albashi ga mai takardar sakandare, zanen da aka yi cikin awa biyu na iya rufe wannan ƙofa.

Akwai kuma batun zargi. Cikin koke-koken da suka haifar da zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020, har da yadda jami'an tsaro ke tsare matasa saboda tatu ko salon gashi kawai. Zane ba hujjar laifi ba ce, kuma tsare mutum a kansa cin zarafi ne da ya kamata a ci gaba da ƙalubalanta. Duk da haka, matashin da ke bin hanyar Gumel zuwa Kano ko tsallaka iyakar Maigatari yana da haƙƙin sanin irin kallon da zai fuskanta.

Matsayin addini

Jigawa tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, kuma a nan ne maganar ta fi nauyi ga mafi yawan mazauna yankin. Hadisai a Bukhari da Muslim sun zo da la'anta ga mai yin zanen da ake cusa launi a fata da wadda ake yi wa, kuma jumhurun malamai, har da na mazhabar Malikiyya, sun tafi a kan haramcinsa. Wanda aka yi wa tun yana jariri ba shi da laifi. Lalle kuwa malamai sun halatta shi ga mata, tunda rini ne a saman fata. Wannan matsayi yana bin mai zane har wurin neman aure, inda iyayen yarinya kan bincika hali da kamala.

Jam'iyya, masoyiya da baƙon rubutu

Zanen da aka fi nadama a kansa shi ne wanda aka ɗaura wa abu mai saurin juyawa. Siyasar Jigawa kaɗai ta isa misali. Saminu Turaki ya hau gwamna a 1999 a jam'iyyar APP, wadda ta koma ANPP, ya kuma sauya sheƙa zuwa PDP kafin wa'adinsa ya ƙare a 2007. Ita kanta ANPP ta narke cikin APC a 2013. A Kano, Rabi'u Musa Kwankwaso ya bar PDP zuwa APC a 2013, ya koma PDP a 2018, ya shiga NNPP a 2022. Magoyin bayan da ya sa hula ko riga ya sauya ta cikin minti ɗaya. Wanda ya zana tambarin jam'iyya a damtse kuwa yana yawo da tallan da mai gidan ya riga ya yi watsi da shi.

Haka sunan budurwa yake, haka kuma rubutu cikin harshen da mutum bai iya karantawa ba, inda kuskuren harafi ɗaya ke juya ma'ana. Ya kamata a yi hattara da alamomin da aka kwafo daga intanet, domin wasu daga cikinsu tambarin ƙungiyoyin asiri ne a jami'o'in kudu, kuma ɗaukar su cikin rashin sani na iya jawo duka ko kamu.

Haɗarin allura

Ciwon hanta nau'in B da C da cutar HIV duk suna yaɗuwa ta allura ko askar da aka yi amfani da ita a jikin wani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙwayar ciwon hanta nau'in B na iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7, don haka goge allura da tsumma ba ya wadatarwa. Tawada ma abin lura ce: Tarayyar Turai ta taƙaita dubban sinadarai a cikinta tun Janairun 2022, alhali wadda ake sayarwa a kasuwanninmu ba a cika sanin abin da ta ƙunsa ba. Baƙar fata kuma ta fi saurin yin tabo mai tsiro, wanda ke kumbura ya wuce girman raunin. Ko baƙin lallen amare yana ɗauke da sinadarin PPD na rinin gashi, wanda kan sa fatar wasu ta yi ƙuraje ko ta saɓule.

Masu hikima sun ce rigakafi ya fi magani. Wanda zane ya shiga ransa zai iya gwada shi da abin da ke gogewa, ya bar wata shida ko shekara ta wuce, ya kuma tambayi kansa ko zai iya nuna shi ga mahaifiyarsa, ga jami'in tantancewa, da ga 'ya'yan da zai haifa. Idan akwai ɗaya daga cikinsu da zai ɓoye wa, to ya riga ya samu amsarsa tun allura ba ta taɓa shi ba.