BURIN DA YA TOHO DAGA KUTUTTURE

Sassabin zamani a gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji

Idan aka tambayi manomin karkara a jihar Maraɗi abin da yake buri, amsarsa ba ta da tsawo: rumbu ya cika, iyali su ci har wata damana, yara su yi karatu, shi kuma ya zauna gidansa ba tare da yunwa ta kore shi zuwa cin rani ba. Amma a shekarun 1973 da 1984, lokacin da fari ya auka wa ƙasar Nijar, ko wannan buri ya yi wa talaka nisa. Labarin yadda manoman Agiye, Gazawa da Gidan Rumji suka kusanto shi, labari ne na ƙaramin aiki da mutum yake yi kullum a cikin gonarsa.

Gona ba itace

A wancan zamani, manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa ƙal. Kafin saukar ruwa sai ya sare duk wani toho, ya tara, ya cinna masa wuta. Wanda ya bar sabara ko kalgo a gona, rago ake ce masa. Ga kuma dokar gandun daji ta 1974, wadda ta sa itatuwa irin su gawo ƙarƙashin tsaron hukuma, har manomi yana iya biyan tara in ya sare reshe a gonarsa. Saboda haka mutane suka ɗauka itace na gwamnati ne, kuma gara a kashe shi tun yana ƙarami.

Sakamakon bai ɓoyu ba. Iska ta samu fili, tana kwashe ƙasa mai kyau, tana binne shuka da rairayi, har manomi ya sake shuka sau biyu ko uku a damana guda. Mata suna tafiya mai nisa neman itacen girki, in sun rasa su ƙona kara da kashin shanu, wato abin da ya kamata ya koma gona ya zama taki.

Hukuma ba ta naɗe hannu ba. Tun 1975 ranar 3 ga watan Agusta ta zama ranar dashen itace, kuma a watan Mayu na 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi a kan yaƙi da hamada. An dasa itatuwa masu yawa, sai dai kaɗan ne suka rayu, saboda ƙishirwa, gara da haƙoran awaki.

Daji a ƙarƙashin ƙasa

A shekarar 1983, wani masanin noma ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda yake aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sarewa kowace shekara toho ne daga kututturan manyan itatuwan da aka sare tun da daɗewa. Saiwarsu tana nan da rai, ta nutsa har inda damshi yake. Ke nan ba a bukatar dashe ko ban ruwa. Abin da ake bukata shi ne kula.

Aikin ba shi da wuya. Manomi ya zaɓi kututturan da yake so, ya bar tsirrai kamar uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa a kan kowane, ya sare saura. Ya rage ƙananan rassan da ke ƙasa da gatari mai kaifi, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Ya riƙa komawa lokaci lokaci yana gyarawa. Wannan shi ne abin da mutanen Maraɗi suka sa wa suna sassabin zamani. Ba sabon abu ne ɗungum ba, domin wasu manoma sun gaji barin gawo a gona daga kakanninsu.

Waɗanda suka fara sun sha dariya. Bayan farin 1984 an ba mutanen ƙauyuka da dama abinci a kan su bar itatuwa a gonakinsu, amma da rabon abinci ya ƙare, da yawa suka sare su. Waɗanda suka daure su ne suka ga amfani, kuma gonakinsu suka zama makaranta ga maƙwabta. Abin da kunne ya ƙi ji, ido ya gani.

Misalin Ɗan Saga

A gundumar Agiye, wadda Gazawa take cikinta kafin a mai da ita gunduma mai zaman kanta a 2011, ƙauyen Ɗan Saga ya yi suna a wannan aiki. Mutanensa sun gane cewa wahalar ba a rainon itace take ba, a tsaronsa take, domin ɓarawo yana iya sarewa cikin dare abin da aka raina shekara biyar. Suka kafa kwamitin tsaro wanda ya haɗa manoma, mata da makiyaya, suka tsai da ka'idoji da tara. Ayyukan raya karkara na Agiye da asusun FIDA ya tallafa wa, sun taimaka wajen yaɗa wannan tsari zuwa ƙauyukan kewaye. Manoma daga wasu jihohi da ƙasashe sun je Ɗan Saga don su gani da idonsu.

Amfanin ya shiga kowane gida. Gawo yana zubar da ganye da damana, don haka ba ya hana hatsi rana, ganyen ya zama taki, ƴaƴansa su ciyar da dabbobi da rani. Kalgo da sabara suna tare iska, suna ba da itacen girki. Aduwa da magarya suna ba da ƴaƴa na ci da na sayarwa. A kwarin Gulbin Kaba mata suna saƙa tabarmi da kabar goriba. Macen da ta daina yini a neman itace ta samu lokacin sana'a da na zuwa ajin yaƙi da jahilci. A shekarar da hatsi ya gaza, irin 2005, mai itatuwa yana da abin da zai sayar ya sayi tiya.

Abin da aka ƙidaya

Masana irin su Chris Reij, Gray Tappan da ɗan Nijar Mahamane Larwanou sun gwada hotunan sama na 1975 da na shekarun 2000. A 2009 an kiyasta cewa gonakin da suka sake yin itatuwa, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram, sun kai hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200, da ƙarin cimaka wajen tan 500,000 a shekara. A 2018 Tony Rinaudo ya samu lambar yabo ta Right Livelihood, tare da Yakuba Sawadogo, manomi ɗan Burkina Faso. A 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta musamman wadda ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya raina a gonarsa.

Sauran aiki

Duk da haka ba a kai ƙarshe ba. Jama'a tana ƙaruwa, gonaki suna tsukewa wajen rabon gado, kuma daga Gazawa har Gidan Rumji samari ba su daina tafiya cin rani ba. Wajibi ne ma'aikatan gandun daji da na gona su bayyana wa talaka haƙƙinsa da harshensa, domin dokar da ba a sani ba ba ta kare kowa. Waɗanda suka iya karatu da rubutu kuma su riƙe littattafan kwamitocin ƙauyensu.

Manoman nan ba su jira injin ko kuɗi daga waje ba. Sun duba abin da suke takawa kullum a hanyar gona, suka gane darajarsa, suka ba shi haƙuri da shekaru. Dattijon da yake gyaran tohon gawo yau ya san mai yiwuwa jikansa ne zai sha inuwarsa, kuma hakan bai hana shi wasa gatarinsa ba. Sannu ba ta hana zuwa.