Sayen ordinatar a Dakoro: gudun mota yana ga hanya

Duk ɗan kasuwar Dakoro da ya taɓa ɗauko kaya daga Maraɗi ya san ƙarfin inji kaɗai ba ya kai babbar mota gida da wuri. In hanya ta ƙuntata, sai haƙuri. Haka al'amarin yake ga kwamfuta, wadda ma'aikata suka fi sani da ordinatar. Mai sayarwa yakan nuna lambar saurin ƙwaƙwalwar na'urar, mai saye ya ƙirga jikkunansa, sannan a biro aiki ya riƙa jan ƙafa.

Dalili kuwa, ƙwaƙwalwar ba ta lissafi sai an kawo mata bayanai daga ma'ajiyar aiki, wato RAM, ta wata hanya da ake kira bis. In hanyar ko ma'ajiyar ta yi nawa, ƙwaƙwalwar zaman jira take yi.

Tazarar ta fito fili a 1992, sa'ad da kamfanin Intel na Amurka ya fitar da 486 DX2: cikinta na gudu megahaz 66, hanyarta kuwa 33. A 1998 aka ɗaga hanyar Pentium II daga 66 zuwa 100, abin da take iya ɗauka a daƙiƙa ya tashi daga megabait 533 zuwa 800. Daga baya AMD a 2003, da Intel a 2008, suka shigar da mai sarrafa ma'ajiyar cikin ƙwaƙwalwar kanta don rage jira.

Yau sandar ma'ajiya ɗaya ta DDR4-3200 tana iya kai gigabait 25.6 a daƙiƙa. Sanduna biyu masu kama ɗaya, a na'urar da ke da layi biyu, suna ninka wannan. Amma in aka haɗa mai sauri da mai nawa, duka biyun takun mai nawar za su bi.

Saboda haka mai sayen tsohuwar na'ura daga Maraɗi ko Kano, da ma'aikacin da ke sa hannu a takardar oda da kuɗin talakawa, su fara tambayar yawan ma'ajiya, sannan irinta, da saurinta, da adadin sandunanta, kuma a kunna musu su gani. Gani ya kori ji.