Idan Injin Mota Ya Yi Zafi

Da bazara, wajen Maris da Afrilu, ana yawan ganin motocin kasuwa a gefen hanya, tururi na tashi daga inji. Sau da yawa laifin fanka ne.

Ruwa ke zagaya inji yana kwashe zafi. Daga nan ya shiga lagireto, iska ta sanyaya shi. In mota tana gudu, iskar hanya ta isa. Amma in tana tsaye a tasha, ko tana tafiya sannu cikin yashi da lodin hatsi, fanka ce ke jawo iskar. Don haka in allurar zafi ta hau a tsaye, ta sauka a guje, fanka za a fara dubawa.

Fanka iri biyu ce. Ta tsofaffin motoci, bel ke juya ta. A kashe inji, a danna bel ɗin da yatsa. In ya yi sako-sako a ɗaure shi, in ya tsattsage a sake sabo. Ta lantarki kuwa, a duba fis da wayoyinta, amma kada a kai hannu kusa. Takan tashi da kanta ko da inji a kashe yake.

In zafin bai sauka ba ko a guje, mai yiwuwa ruwa ke yoyo, ko ƙura da ƙaiƙayi sun toshe lagireto.

Wani direban yakan buɗe murfin lagireto nan take. Wannan ganganci ne, domin tafasasshen ruwa zai feso masa a fuska. A jira aƙalla minti 30. Zuba ruwan sanyi a inji mai zafi kuma yana iya tsaga kan injin.