Dabbar Hawa da Ake Saya da Kwanaki

A wasan intanet na World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard ya fitar a 2004, dabbar hawa alamar daraja ce. Ɗauki dodo mai fiffike na ƙungiyar Netherwing, da aka shigo da shi a 2007. Kafin ɗan wasa ya hau shi, sai ya tara makin yarda 42,000 a wurin ƙungiyar, yana maimaita ayyukan da ake yi sau ɗaya tak a rana, yana kuma leƙa lungu da saƙo na ramin ma'adinai neman ƙwai, kowanne maki 250. Ƙwarewa ba ta taka rawa sosai a nan. Kwanaki ake biya, kuma kamfanin da ke karɓar kuɗin wata-wata shi ke cin moriyar jinkirin.

Masu kare tsarin na cewa ya fi adalci a kan dabbobin da sai sa'a ke bayarwa, inda mutum zai shekara yana nema ya tashi a tutar babu. Da gaskiyarsu, domin mai tara maki yana ganin ma'auninsa na cika. Sai dai adalcin na masu sarari ne: ma'aikacin da kwana uku suka kuɓuce masa ba zai rama ayyukansu ba, sai ya koma ga ƙwan da kowa ke wawaso.