Wasan tara kuɗin haram a kwamfuta, da harajin da ake biya da gaske a Sabon Birni da Isa

A watan Maris na 2025 wani mai ƙirƙirar wasannin kwamfuta ɗan ƙasar Ostireliya ya saki wasa mai suna Schedule I a dandalin Steam. Cikin 'yan makonni, mutum fiye da 400,000 ke buga shi a lokaci guda.

Harbe-harbe kaɗan ne a cikinsa, lissafi ya fi yawa. Mai wasa zai fara da ƙaramin jari a wani ƙagaggen gari, ya shuka tabar wiwi, ya nemo masu saye, ya ɗauki dillalai da ma'aikata, daga baya ya sayi gidan wankin tufafi ko wurin wankin mota don ɓoye asalin kuɗin. Abokai har huɗu na iya haɗa jari ta intanet, wannan na haɗa kaya, wancan na rarrabawa. Kafin shi akwai Payday 2 da GTA Online, dukkansu na 2013, inda ake haɗa gwiwa a yi fashi a raba ganima.

Da wuya a samu mai buga Schedule I a Isa ko Sabon Birni, domin yana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi da wutar lantarki. A gidajen gem na Arewa ƙwallo ce sarauniya, sai tsohon GTA da yara ke tura wa juna a waya. Amma tsarin da wasan ke kwaikwayo, wato rabon aiki da riƙe yanki da tabbatar da kuɗi na shigowa kullum, mutanen gabashin Sakkwato sun san shi sarai. Su ne ake karɓa a hannunsu.

Shekaru da dama ke nan 'yan bindiga, musamman yaran Bello Turji, na ɗora wa ƙauyukan yankin haraji. A biya kafin a yi shuka, a sake biya kafin a kwashe amfanin gona. Ana yanke wa gari miliyoyin naira a ba shi wa'adi, dattawa su bi gida-gida suna tarawa, mai akuya ya sayar, mai gero ya kai kasuwa. Kuɗin fansa ma yana da nasa ciniki, wani lokaci har da sababbin babura a kai. Bayan masu riƙe bindiga akwai masu kai rahoto, da masu kai mai da burodi da ƙwayoyi daji, da masu sayen shanun sata. A watan Nuwamban 2021 an ruwaito cewa 'yan bindigar sun naɗa nasu masu gari a Gangara da Makwaruwa, kamar yadda mai kamfani ke tura manaja reshe.

Gwamnati ma ta gane kasuwanci ne. Shi ya sa a Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, ciki har da waɗannan biyu, aka kuma taƙaita sayar da mai a jarka. Manufar ita ce a toshe wa daji hanyar samu. Mai cajin waya da ɗan tireda su ma sun sha wuyar matakin, harajin kuwa bai tsaya ba.

A wasa, idan ɗan sanda ya kama ka, kaya za a ƙwace a ci ka tara, ka tashi ka ci gaba. Masu sayen kayan kuma zane ne kawai, ba su da uwa ba su da gona. A Disamban 2021 aka tare motar fasinja a kusa da Gidan Bawa aka ƙona matafiya sama da 20 a ciki. A Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato. Duniya ta ga bidiyonsa a ɗaure yana roƙon a biya fansa, a watan Agusta kuma aka tabbatar da rasuwarsa a hannunsu.

Abu ne mai sauƙi a ɗora wa wasannin laifi, iyaye da yawa ma hakan za su yi. Sai dai wannan masifa ta samo tushe ne daga satar shanu da rikicin gona da makiyaya da ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da Fulani a dazukan Zamfara, ba wanda ya koye ta a allo. Abin da ya fi cancantar damuwar iyaye yana cikin wayar da ke hannun yaro: bidiyon 'yan bindiga na gaske a TikTok, suna baje damman kuɗi, mutane na turo musu lambar asusu a ƙasa.

Dubban mutanen yankin sun tsallaka iyaka zuwa Gidan Runji da sauran garuruwan jihar Maraɗi a Nijar. Waɗanda suka zauna kuwa, duk damina sai sun sa kuɗin daji a lissafin noma, tare da na iri da na taki.